Numfashin da Aka Ce In Goge

Har gobe ban manta da Larabar da na danna maɓallin da aka hana ni taɓawa ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna ganina a kujerar tsakiya, kuna tsammanin a kanta aka haife ni. To, ku gyara zama ku ji.

Lokacin ina aiki a wani situdiyon ɗaukar kiɗa a Manhattan, farkon shekarun 2010 ke nan. Ga wanda bai san tsarin ba, matakai uku ne. Akwai ɗan aike, mai sayo kofi da naɗe wayoyi. Akwai mataimaki, wanda zai kafa makirfo, ya gwada kowace waya, ya rubuta lambar kowace ɗauka a takarda. Sannan injiniya, mai zama gaban na'urar haɗa sauti, kuma shi kaɗai ke magana da makaɗa. Na yi shekara biyu ina aike, huɗu ina mataimaki. Dokar farko da ake koya wa mataimaki ita ce, in baƙi suna ɗaki, to shi bebe ne. A jikin na'urar akwai wani jan maɓalli, in an danna shi muryar mutum za ta shiga kunnen duk makaɗan da ke bayan gilashi. Maigidana Mista Glen ya taɓa korar wani mataimaki a gabana saboda maɓallin nan, bai ko bar shi ya shanye shayinsa ba.

A wannan makon wata babbar ƙungiyar jazz ce ta kama ɗakin na kwana uku. Mutum goma sha bakwai ne, goma sha uku daga ciki masu busa, sauran piyano da jita da bes da ganguna. Kundin waƙoƙi suke haɗawa don tunawa da wani makaɗin bes da ya rasu da ƙuruciya, tun kafin in zo ƙasar. Bes ita ce jitar nan mai kaurin murya. Da can aikinta kawai ta tsaya a baya ta tallafi sauran, shi ne ya fito da ita gaba, ya gauraya jazz da rok da kiɗan Latin, har ta riƙa waƙa kamar mutum. Duk mai kaɗa bes a yau ya sha daga rijiyarsa, ko ya sani ko bai sani ba. Shugabar ƙungiyar, Madam Lorna, dattijuwa ce mai furfura, ta yi busa tare da shi tun tana budurwa.

Waƙoƙin farko sun tafi lafiya lau. Ta ƙarshe ce ta zame mana ƙarfen ƙafa. Yayar marigayin ta tsinci wani tsohon kaset a kwali, inda yake kaɗa bes shi kaɗai a ɗaki na minti huɗu, ba wanda ya taɓa jin sa. Madam Lorna ta rubuta wa ƙungiyar kiɗan da za su ɗora a kai, wato rayayyu su raka mamaci. Ranar Litinin Mista Glen ya miƙo mini kaset ɗin.

Ya ce, "Isiyaku, ka juye shi a kwamfuta. Ka share duk ƙazantar da ke ciki, da shuuu ɗin kaset, da wannan huci da yake yi. Sannan ka miƙar da shi ya bi kilik."

Kilik shi ne ƙwas-ƙwas ɗin da ake sa wa makaɗa a kunne, kamar bugun agogo, don kowa ya tafi daidai. Matsalar ita ce marigayin bai san da wani kilik ba ranar da ya yi kiɗan. Nan ya ja, can ya saki, wani wuri ya tsaya kamar mai tunanin abin da zai faɗa. Na yi yadda aka ce. Na yanyanka kiɗan gunduwa-gunduwa, na jera shi a kan kilik, na goge hucin tas.

Ranar Talata aka gwada. Kowa ya shiga daidai, ba wanda ya yi kuskure, amma Madam Lorna ta cire abin kunnenta ta ajiye.

Ta ce, "Wannan ba shi ba ne. Mutumin da na sani bai taɓa tafiya kamar soja ba."

Sai aka koma wanda ban miƙar ba, amma gogagge. Tirƙashi! Nan kuma ƙungiyar ta watse. Mai ganguna ya shiga da wuri, masu busa suka makara, aka yi ta karo da juna. Ɗauka goma sha ɗaya na rubuta a takardata, ba ko ɗaya mai amfani. Da yamma Madam Lorna ta ce gobe zuwa sha biyun rana in bai yiwu ba a bar waƙar, a mayar wa yayarsa kaset ɗinta.

Ni kuwa akwai abin da ke cina tun Litinin. Lokacin da nake goge hucin nan na lura ba haka kawai yake yin sa ba. Kafin kowane layi sai ya ja numfashi. In zai ja kiɗan, numfashin dogo ne. In zai ruga, gajere ne, kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Kuma na san inda na taɓa jin irin wannan.

Mahaifina ɗan amshi ne. Shekara talatin yana tsaye a bayan wani mawaƙi a Kano, har sunansa ya ɓace, kowa Garba Ɗan'amshi yake ce masa. Mawaƙin nan bai taɓa yin waƙa iri ɗaya sau biyu ba. Ina yaro na tambaye shi, "Baba, ta yaya kake sanin inda za ka shiga?" Ya ce, "Ai ba bakinsa nake kallo ba. Numfashinsa nake saurare. Kafin ya faɗi magana, ƙirjinsa ya riga ya gaya mini." Da na girma kunyar sana'ar nan ta kama ni, don kun san yadda mutanenmu ke kallon ɗan maroƙi. Na yanke Ɗan'amshi daga sunana tun a takardar makaranta. Har Baba ya rasu ban gaya masa cewa a gidan kiɗa nake aiki ba. A unguwarmu ma, Morris Heights, cewa nake aikin lantarki nake yi.

Da magariba na sauka daga jirgin ƙasa lamba huɗu, na tarar da maƙwabcina Alhaji Mamudu, mutumin Kumasi mai tuƙa tasi, yana cin waakye, shinkafa da wake irin ta garinsu, a ƙofar shago. Ya ga fuskata ya ce, "Injiniyan lantarki, yau wuta ya ja ka ne?" Ban san lokacin da na zayyana masa komai ba, har da zancen Baba. Ya yi dariya har ya ƙware.

Ya ce, "Kai, Isiyaku! Wane lantarki? Mutumin da in an kawo abinci sai ya kaɗa kwano kafin ya buɗe? Duk zongon nan mun sani, mun dai bar ka ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In ka san abu, je ka faɗa musu."

Na ce, "Alhaji, in na faɗa korata za a yi."

Ya ce, "To sai ka zo in koya maka tasi."

Ranar Laraba na riga kowa zuwa. Na dawo da kaset ɗin yadda yake na asali, na ware numfashin a layinsa daban, na ƙara masa ƙarfi, na ajiye shi a shirye ba tare da na kunna ba. Da Mista Glen ya iso na same shi shi kaɗai, na yi masa bayani cikin ladabi. Ko kallona bai yi ba.

Ya ce, "Shekara talatin ina goge hayaniya, yau kai za ka ce in zuba wa mutum goma sha bakwai hucin mamaci a kunne? Ba wurin gwaji ba ne nan. Je ka duba makirfon piyano."

Na tafi na duba makirfon piyano, raina yana tafasa.

Ƙarfe goma yayar marigayin ta zo. Tsohuwa ce siririya da sanda, ta zauna a kujerar baya ta ɗora jakarta a cinya. Aka yi ɗauka uku, duk suka rushe a wuri ɗaya, inda yake tsayawa kamar mai tunani. Sha biyu saura kwata Madam Lorna ta rufe takardunta, ta ce wa mutanenta, "Mun yi iya ƙoƙarinmu. Ku tattara." Na waiwaya na ga tsohuwar nan ta buɗe jaka, tana gyara wurin da za ta mayar da kaset.

Wallahi ban yi shawara da kowa ba. Na miƙa hannu ta gefen kafaɗar Mista Glen na danna jan maɓallin.

Na ce, "Madam, ki gafarce ni, ni ne mataimaki. Ku ba ni ɗauka ɗaya tak."

Mista Glen ya cire hannuna daga maɓallin, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Fito da makullinka ka ajiye a nan." Na ciro makullin situdiyo na ajiye a kan na'urar. Ya ce, "In bai yi ba, a nan za ka bar shi." Na ce na yarda. Na riga na shiga ruwa, ba sauran tsoron jiƙewa.

Madam Lorna ta ce, "Muna jin ka."

Na sake danna maɓallin na ce, "Ku manta da kilik. Zan sa muku numfashinsa a kunne. Kada ku ƙirga komai. In ya ja numfashi ku ja tare da shi, in ya saki ku shiga. Ku goma sha uku masu busa ne, da numfashi kuke cin abinci. Mahaifina ɗan amshi ne a ƙasarmu, haka ya bi maigidansa shekara talatin bai taɓa ɓata ba."

Wannan ne karo na farko da na faɗi sana'ar Baba da bakina a bainar jama'a, kuma da Turanci, a gaban mutanen da ba su san ma mene ne amshi ba. Mai ganguna ya yi murmushi, ya ajiye sandunansa, ya ɗauki 'yan burushin nan na waya masu taushin sauti. Na rubuta lambar ɗauka a takarda, na kunna.

Numfashin ya fara shigowa, dogo, da ɗan kaushi a ƙarshensa. Ta cikin gilashi na ga kafaɗun mutum goma sha uku sun ɗaga a lokaci guda. Bes ta shiga, suka shiga. Ya ruga, suka ruga. Da aka zo wurin da ake ta rushewa, ya tsaya, kowa ya tsaya, Madam Lorna ma ta sauke hannunta ta daina ba da alama. Sai ga ɗan gajeren numfashi, fit, gaba ɗaya suka faɗa tare da shi. Akwai wani mai ƙaho da ya makara da ƙiris kusa da ƙarshe, yana nan a kundin har yau, ba wanda ya yarda a gyara.

Da aka gama, Mista Glen ya kunna musu a lasifika. Saboda sauri ban rufe layin numfashin ba, sai ya fito tare da kiɗan. Mista Glen ya juya wajen tsohuwar ya ce, "Ki yi haƙuri da wannan hucin, don makaɗa ne kawai. Za mu cire shi kafin kundin ya fita."

Ta ce, "Kada ku kuskura."

Ta dafa sandarta ta miƙe. Ta ce, "Yana da ciwon asma tun yana jariri. Ɗaki ɗaya muke kwana, uwarmu ta ɗora mini aikin sauraren ƙirjinsa, in na ji ya canza in tashe ta. Ina da faya-fayansa duka a gida. Duniya ta san kiɗansa, amma a kowane ɗaya an goge wannan. Yau ne na ji ƙanena."

Ni dai na duƙa ina naɗe wayar da ba ta buƙatar naɗi, don hawaye sun zo mini, kuma ba na marigayin kaɗai ba ne.

Bayan baƙi sun fita cin abinci, Mista Glen ya turo mini makullina da ɗan yatsa. Ya ce, "Ka sake taɓa maɓallin nan ba da izinina ba, sai na karya maka hannu." Sannan ya tashi daga kujerarsa ya ce, "Zauna. Kai za ka haɗa wannan waƙar, ni ban san inda zan sa hucin ba." Mutum ne mai zafi, amma ba ya jayayya da abin da kunnensa ya ji.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Aikinmu rabinsa gogewa ne, kuma na'ura ba ta san bambancin ƙazanta da mutum ba. Kafin ku share wani sauti, ku saurare shi sau uku, ku tambayi kanku na wane ne, kuma me yake yi a wurin. Dokar maɓalli tana nan, ni ma ina korar wanda ya karya ta don neman suna. Amma in mataimaki ya same ni ni kaɗai da safe ya ce ya ji wani abu, ajiye kofina nake yi in saurare shi.

Da za a buga kundin, Madam Lorna ta kira ni a waya ta ce yaya za a rubuta sunana a bayansa. Na ce Isiyaku Garba. Har ta ce to, sai na ce ta dakata, akwai saura. Na jero mata Ɗan'amshi harafi bayan harafi. Ta ce maɗaba'arsu ba ta da wannan D mai ƙugiya, ko za a sa D ta kullum? Na ce a'a, su nemo ta, zan jira. Sai da suka nemo.