Gaurakin Fadamar Bakura

Jiya ina shago ina zaɓen gilashin kyamara mai jawo nesa kusa, mai shagon ya tambaye ni wane tsuntsu zan ɗauka. Nan take Baffana ya faɗo mini a rai.

Shi ya koya mini kallon tsuntsaye a fadamar Bakura. Bayan idonsa ya raunana, wata safiya muka zauna bakin ruwa, ƙasa na ƙanshin damina. Yana jin kukan gauraki, ba ya ganinsu. Na ɗauke su da waya, suka fito kamar ɗigo.

Ya ce, "Bari, ɗana. Ran da ka samu babban gilashi, ka gwada mani tukkunsu."

Bai kai daminar bana ba. Allah ya haskaka kabarinka, Baffa, ya sa Aljanna ce makomarka.