Farantin da Aka Rufe da Zana

Wata Talata ce da hantsi, a daminar farkon shekarun tamanin, ana maimai a gonarmu ta dawa, kububuwa ta sari Baba a diddige. Ina aji huɗu lokacin, muna hutu, na kai masa fura ke nan. Ya ɗaure ƙwaurinsa da igiyar rama ya ce, "Hanne, ruga wajen Malam Sule, a kira mota."

Malam Sule shi ke gadin rumbun taki na ƙauyenmu, can bayan Bakori. Da rani wasu Turawan agaji suka girka masa wayar oba-oba, suka kafa dogon ƙarfe, suka ɗora wani baƙin faranti a kan rufi, suka ce in ta ɓaci murya za ta kai Malumfashi nan take. Mu yara har wasa muka samu, in an tashi tara sai mu kara gwangwani a baki muna ihun "Oba! Oba!"

Na iso ina haki. Malam Sule ya danna, ya hura, ya jijjiga, gumi na zubo masa. Ko ƙyas! Ya ce, "'Yar nan, ta ƙi." Ashe tun bazara dattawa suka taɓa farantin suka ji shi da zafi kamar tanda, suka ce kayan mutane amana ne, kada rana ta ƙona shi, suka sa aka saƙa sabuwar zana aka lulluɓe shi ruf. Alhali rana ce abincinsa, shi ke ba wayar wuta. Har gobe haushin Turawan nan nake ji: sun nuna inda ake dannawa, suka shige motarsu, ba su faɗi wannan ba.

A amalanken shanu aka ja Baba zuwa titi, taya na nutsewa a taɓo, ina biye ina kuka, dasashinsa na zubar da jini. Sai la'asar muka samu mota. Ya rayu, amma ƙafar a asibiti aka baro ta.

Yanzu wasu masu agajin sun kafa ƙarfen intanet a bakin makarantarmu, jikokina daga gona suke kiran likita har su ga fuskarsa. Ina murna, wallahi. Amma duk damina sai na tuna Baba zaune a ƙofar gida, yana tambayar masu dawowa daga gona ko dawa ta fid da kai.