Gajere Cusau da Buhunan Kamfani

Ranar da nake tunawa, tun hantsi zafi ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi, hadari kuma ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen Dungas. Ƙarshen cinikin gyaɗa ne a Magariya, zamanin Faransa. Ni ina ɗinke bakin buhu da basilla a rumfar kamfani, Gajere kuwa shi ke cikawa.

Mutumin Kwaya ne. Ba a kiransa sai an ƙara da Cusau, kuma ya ci sunan. In an ce buhu ya cika, sai ya ce, "Da sauran wuri." Haka yake da tuwo, lomarsa sai ta sa idonsa ya yi ja kafin ta wuce. Faransancin da ya tsinta bai fi cikin cokali ba, amma sai ya cusa shi ko a gaisuwar mutuwa. In mutum biyu na magana, kansa ne na uku. Matarsa Ramatu takan ce ko rigarsa ba sawa yake ba, cusa kansa yake a ciki.

Abin da yake nema a duniya ɗaya ne: a ba shi kafaran, wato shugabancin leburori, ya sa jar hula, ya riƙe sanda yana nuni. Mai riƙe da muƙamin, Ajimi, tsufa ya kama shi, ana cewa bana zai sauka.

Da Baturen kamfani ya ga hadarin, ya fito ya dubi tsibin ɓararriyar gyaɗa da ya rage a fili, ya dubi buhunan da suka saura. Buhu bai kai ba. Ajimi ya ce a rufe ragowar da tabarmi a kai rumfa da kwanduna. Gajere ya yi wuf ya shiga tsakani, ya gaida Bature da Faransancinsa.

"Mushe, ni zan shigar da ita duka. Ko ƙwaya ba za ta kwana waje ba."

"Kai Cusau," in ji Ajimi, "buhu ba cikinka ba ne."

"Baba, ka zauna ka huta. Aikin ya fi ƙarfinka."

Bature ya ɗaga kafaɗa ya ce in ya iya, hular tasa ce.

Gajere ya aika gida aka ɗauko taɓaryar Ramatu. Ya zuba, ya danna, ya hau da ƙafa, ya sauko ya kirɓa. Buhu ya tsaya ƙiƙam kamar kututture. Na ce masa, "Gajere, bakin nan ba ya haɗuwa."

"Ja da ƙarfi, kai dai! Ko hannun naka na mata ne?"

Na ja. Abin da aka sa ni ke nan. Amma tun ina ɗinki na ga jikin buhun yana yin duhu, yatsuna suna santsi. Ba a dakan ɓararriyar gyaɗa a ce ta yi shiru. Mai take fitarwa.

Ya gama kuwa, fili ya yi fes. Ya tsaya gaban Bature yana haki, yana "Wala, Mushe, wala!", wai ga shi nan. Aka fara lodi a kamyo, babbar motar kaya. Buhun farko da aka jefa ya yi tus. Na biyu ya bi shi. Waɗanda ba su fashe ba, da Bature ya soka musu wuƙa, ba gyaɗa ce ta zubo ba, wani dunƙule ne mai maiƙo, rabinsa ya kama hanyar zama tunkuza. Nan ruwa ya sauko a kai.

Ajimi bai ɗaga murya ba. Ya ce, "An ce ka cika, kai kuma ka cusa. Ga shi ka yi wa kamfani ƙuli-ƙuli."

Ramatu ta zo cikin ruwan, ta ɗauki taɓaryarta ta shinshina. "Da ka faɗa mini, da na zo da kasko."

Ba hula ba, ko ƙofar rumfar Gajere bai ƙara takawa ba. Har yau cewa yake buhunan ne ruɓaɓɓu.

Yanzu yana Waca, haƙora sun zube, yana cusa audugar rimi a matashin kai yana kaiwa kasuwa. Na taɓa sayen ɗaya. Da shi nake tokare ƙofa.