Mai Inji da Matakin Keke

Wata malama tana zaune a bencin wani shago tana jiran matakin ƙafa na keken guragun mahaifinta, amma idonta na kan mai injin. Dattijo ne mai furfura, tabarau a goshi, yana ta lalubensa a aljihu. Injinsa yana haɗiyar ƙwayoyin roba, ya narkar da su, ya jera layi bisa layi har abu ya tashi.

Ya ɗauki matakin farko da injin ya ƙera ya ɗan lanƙwasa, sai ƙas, ya rabe biyu. Ko tsaki bai yi ba. Ya kara kunne kusa da bakin injin kamar likita, yana sauraron wani tas-tas da ke fita.

"Ƙwayoyin nan danshi suka sha, 'yata," in ji shi. "Kumfa ke shiga tsakanin layukan, abu ya zama biskit. Robar nan ta fi jariri son lallashi."

Ya juye ƙwayoyin cikin ƙaramin tanderun lantarki irin na kicin don su bushe. Malamar ta ayyana a ranta cewa akwai wata baiwar Allah a gidansa da har yau take cigiyar tanderunta.

Bayan dogon jira sabon mataki ya fito. Ta miƙa hannu, ya hana. Ya ɗora shi kan bulo biyu, ya tattare riga, ya hau da duk nauyinsa, har da ɗan tsalle.

"Baba, za ka faɗi!"

"Gara ni, 'yata. Ni ina da ƙafar tashi."