Karkarwar Mota, Daga Kafur Zuwa Funtua

Tashi daga gida

Ana idar da sallar asuba ranar Laraba muka fito daga ƙauyenmu na wajen Kafur, ni da Garba direbana. Motar akori-kura ce mai fo-wil, wato mai ja da taya huɗu, babban ɗana da ke aiki a Kaduna ya saya mini saboda hanyar gona. Tun tsakiyar damina ta ɗauko wata karkarwa. Da Garba ya sa giya ɗaya ya fara sakin kuloci, sai ta kama tsuma kamar mai zazzaɓi, har haƙoran mutum su haɗu. In ta miƙi hanya kuma, shiru.

Ɗan nawa ya riga ya yanke hukunci ta waya, daga inda yake zaune. Wai Garba ne ke jingina ƙafa a kan kuloci har ya ƙona shi, saboda haka ranar Juma'a zai turo wani ya karɓi makulli. Garba fa, mai iyali cike da gida, wanda ya tuƙa ni tun gemuna bai yi fari ba! Na ce ba za a kori mutum a kan zato ba, sai na ji daga bakin wanda ya taɓa motar da hannunsa.

Malumfashi

Mun shigo da hantsi, muka karya da koko da ƙosai kusa da tasha, sannan muka nufi garejin da aka kwatanta mana. Mun tarar da mai wurin a kan benci yana danna waya. Na yi masa bayani, ko kallon motar bai yi ba.

"Ƙafar direba ce, Alhaji. A canja faifan kuloci, a canja direba."

Na ce, "Ba za ka tashi ka ji ta ba?"

"Ai tun kuna shigowa na ji ta."

Garba yana tsaye, an ci zarafinsa a gaban mutane. Ni kam raina ya ɓaci. Mutum ya zauna a inuwa ya yanke wa wani abincinsa da baki kawai! Na ce da Garba ya tayar, mu bar masa bencinsa.

Bakori

Kafin mu shiga gari akwai shingen jami'an tsaro. Da aka sallame mu motar ta yi halinta, har ɗaya daga cikinsu ya leƙo yana dariya.

"Baba, motar ce ke jin sanyi ko direban?"

Bakaniken Bakori ya ɗan fi na baya. Ya ce yana zargin robobin da inji ke zaune a kansu. Ya buɗe gaban mota, ya sa Garba ya ja birkin hannu ya saki kuloci a hankali, shi kuma yana kallon ko injin zai yi tsalle. Injin bai wani ɗaga ba. Ya haska robobin, babu tsagewa. Da bakinsa ya ce lafiyarsu lau, amma wai duk da haka a saka sababbi, ko Allah zai sa a dace. Na tambaye shi ko haka yake yi wa 'ya'yansa, ya cire haƙori mai lafiya ko za a dace. Muka wuce.

Funtua

Bayan azahar muka sami wani bakanike, Rashidi, Bayarabe ne amma haifaffen Funtua, Hausarsa har ta fi tawa gudu. Shi da tambaya ya fara, kuma Garba ya yi wa tambayoyin. In ana ja da baya tana yi? Tana yi. In an sa fo-wil ko an cire, akwai bambanci? Babu. In tana cikin gudu fa? Ba ta yi. Ya ce to ba farfelar da ke juya tayoyi ba ce, ba kuma taya ba. Ya karɓi makulli ya tayar da ita da kansa, ta girgiza shi yadda take girgiza kowa.

"Baba Alhaji, ni ma ƙafata ba ta da kyau ke nan," in ji shi.

Ya hau da ita kan rami ya sauka ƙarƙashi. Can sai muka ji ya ƙyalƙyale da dariya.

"Wane ne ya shuka masara a nan?"

Ya kira ni bakin ramin. Tsakanin inji da giya, a ƙasan kwanon da kuloci ke ciki, akwai ɗan rami, an cusa masa guntun totuwa naɗe da leda. Ya sa filaya ya zare, sai baƙin mai ya zubo masa har gwiwar hannu.

Na gane totuwar. Ni na fere ta da wuƙata. Bara da kaka motar ta riƙa ɗigar mai a kan daɓen simintin da muke shanya masara, mai ɗakina ta yi ƙorafi, ni kuwa na shiga ƙarƙashi na toshe wurin yadda muke toshe jarka. Ɗiga ta tsaya, na yi ta jin daɗin dabarata.

Rashidi ya ce robar da ke tare mai a bayan inji ce ta gaji, ramin kuma an bar shi ne don abin da ya yoyo ya fita, mai mota ya gani ya gyara. Da na toshe, man ya taru har ya jiƙa faifan kuloci, shi ya sa yake kamawa yana zamewa. Ko wa aka ba motar, haka za ta yi.

Na juya wajen Garba. Kansa na ƙasa.

"Ka san da ita?"

"Na gan ta, Baba, duk ranar da na wanke mota."

"Me ya hana ka cirewa?"

"Hannunka ne ya sa. Kuma ban san ita ce ba, zargi kawai nake yi."

"Ana shirin korarka, ba za ka buɗe baki ba?"

"Baba, in ce wa ɗanka laifin mahaifinsa ne?"

Na yi masa faɗa sosai a gaban mutanen gareji, amma ni na san da wa nake.

Aikin sai an sauke giya, saboda haka muka kwana a gidan Malam Idi, tsohon abokina tun zamanin cinikin auduga. Aka kawo tuwon masara da miyar kuka. Garba ya ci malmala biyu, ni ko rabi ban iya ba.

Komawa

Washegari aka saka sabon faifai da sabuwar roba, aka wanke kwanon tas. Rashidi ya nuna mini tsohon faifan, baƙi ƙirin yana sheƙi. Mun bar Funtua bayan azahar. A shingen Bakori motar ta tashi sumul, amma wanda ya yi mana ba'a ba ya nan, abin da ya ɗan ba ni haushi.

Mun iso gida kafin magariba. Ban sauka ba na kira ɗana a Kaduna, na faɗa masa komai, har fere totuwar. Sai ya ce, "To Baba, shi ke nan, a bar shi ya ci gaba."

Na ce, "Ba alfarma na kira ka ka yi masa ba. Ni na yi ɓarnar, kai ka ɗora masa. Ni na ba shi haƙuri tun a hanya, saura kai."

Na miƙa wa Garba wayar. Ya karɓa hannu biyu, ya fita ya tsuguna a gefen mota yana ta cewa, "Ba komai, ranka ya daɗe, wallahi ba komai."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam Idi da iyalinsa, da Rashidi da ya yarda ya shiga ramin. Garba kuwa na ce ya tafi gida da makullin a aljihunsa, ya zo da wuri, akwai taki da za a kai gona.