Karen da Na Turke Kamar Rago

Saura mako uku a hau Arfa Yaya ya kawo mini karensa. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma gadi yake yi a wani babban sito na tantuna da dardumai can gefen Arfa. Wata goma a shekara ba kowa a wurin sai shi kaɗai. Tun da matarsa ta rasu ya ƙi dawowa cikin gari, a can kuma ya tsinci ɗan karen ya raine shi har ya zama abokin gadinsa. Da aikin Hajji ya matso, masu siton suka ce ma'aikata za su cika wurin, ba sa son ganin ko wutsiyar kare. Ya rasa inda zai kai shi, sai ya tuna yana da ƙanwa a unguwar Kudai, cikin Makka.

A cikin kwali ya shigo da shi. Fari ne da tabon ja a ido ɗaya, kunnuwa a tsaye, ko ƙatuwar kyanwa ta fi shi jiki.

Na ce, "Yaya, kare? A Makka? A gidan haya?"

Ya ce, "Wata ɗaya ne fa, ƙanwata. Dube shi, ba ya cin wuri, ba ya rigima. Abinci da ruwa, kalas, shi ke nan."

Na so in ƙi. Amma ban taɓa ganin Yaya ya roƙi kowa komai ba, ga shi kuma tsaye a ƙofata ya rungume kwali kamar mai ɗauke da jariri. Na karɓa. Maigidana direban bas ne, a irin wannan lokaci ba ma ganinsa sai in ya zo canza kaya, don haka ta waya ya ce in dai mai gidan ya yarda shi ba ruwansa.

Mai gidan dattijo ne haifaffen nan, kakanninsa Sakkwatawa. Ammu muke ce masa, wato baffa, kuma shi ke zaune a hawa na ƙarshe. Ya ja gemu, sannan ya ce tun da karen gadi ne kuma amana ce, a sa shi a ɗakin ajiya da ke can saman rufi, akwai tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki a ciki. Sharaɗinsa biyu: kada ya shiga ɗakin kowa, kada kuma a ji shi.

To ni a duniya kiwo ɗaya na sani, kiwon rago. A unguwar Tandabawi ta nan Makka na tashi, kuma duk shekara mahaifiyarmu takan sayi ɗan rago tun da sauran watanni, ta turke shi a saman gida, ta yi ta ɗura masa dusa da ragowar abinci har Sallah. A wurinta dabbar da aka kula da ita ita ce wadda ba ta motsi sai baki. In ta ga mun kwance ragon muna wasa da shi, ranar sai mun sha faɗa, wai za mu zubar masa da nama. Da wannan ilimin na hau sama. Na samo igiya na ɗaure ɗan karen a ƙafar wani tsohon gadon ƙarfe, na jera masa kwanoni, shinkafa da kaza sau uku a rana. Na sauko ina jin kaina, har ina cewa a raina Yaya zai dawo ya tarar da karensa ya yi kumatu.

Ranar farko ya yi ta ƙananan koke-koke. Rana ta biyu ya buɗe murya. Ban san daga ina wannan ɗan mitsitsin abu yake fito da irin wannan kuka ba. A rana ta uku ya cinye rabin igiyar, ya farke wata tsohuwar katifa, soso ya cika ɗakin, ya kuma kankare fentin ƙofa da farce. Abin da ya fi muni, ba ya tayar da haukarsa sai tsakanin Azahar da La'asar, lokacin da duk unguwa ke kwance, kuma daidai saman kan Ammu. Ni kuwa maganin da na sani ɗaya ne. Na ƙara masa hanta. Ya shinshina ya juya mata baya.

Rana ta biyar Ammu ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, idanunsa jajur. Bai ɗaga murya ba, wanda da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Ya binti, 'yata, na tsufa da wannan. Kwana biyar ban runtsa da rana ba, kaina kamar zai tsage. Na ba ki kwana uku. Ko ki nemo masa wuri, ko ya yi shiru. In ba haka ba, wallahi zan buɗe masa ƙofar waje ya kama gabansa."

Na san ma'anar wannan. Ɗan kare kamar wannan a titin Kudai, cikin basa-basan alhazai, a kan kwalta mai ƙona tafin ƙafa, ba zai kai yamma ba. Na kira Yaya har sau shida bai ɗauka ba, aiki ya sha kansa. Ko ya ɗauka ma ina zai kai shi? Na zauna na yi kuka, rabi don tsoro, rabi don haushin Yaya da ya ce wai ba ya rigima.

A hawa na farko akwai wata tsohuwa da muke kira Hajja, mai sayar da turaren wuta da lalle. Daga Chadi iyayenta suka taso da ita, ta Sudan, kuma cikin makiyaya ta yi ƙuruciyarta. Ta ji labari, ta ce in kai ta ta gani. Muka hau tana hutawa a kowane hawa tana tsine wa wanda ya gina benen. Da na buɗe ƙofa ta ga igiya, ta ga kwanoni uku cike, sai ta kama ƙyauren ta yi ta dariya har da hawaye.

Ta ce, "'Yar nan, layya za ki yi da shi?"

Ban ga abin dariya ba, na kuma gaya mata haka.

Ta ce, "Kwance shi ki gani."

Na kwance. Ya zabura ya zagaya ɗakin, ya haye gado, ya diro, ya sake zagayawa, ya fi sau ashirin bai tsaya ba. Hajja ta tambaye ni yadda Yaya yake wuni da shi. Sai a lokacin na tuna abin da na sha gani in mun kai masa ziyara. Safe da yamma yakan zagaya shingen siton gaba ɗaya, karen yana gaba, ya ruga ya dawo, ya ruga ya dawo. Tsakanin nan kuma yana cikin tulin tantuna yana farautar ɓeraye.

Ta ce, "To kin ji. Kin ƙwace masa duk wannan kin ba shi shinkafa. Ba yunwa ke damunsa ba, gudu ne ya taru masa a ƙafa. Babban kare sai ya kwanta a inuwa ya wuni, amma irin waɗannan ƙananan wuta ne. Ki ba shi kamar awa guda kullum, ki rarraba, kada ki haɗa masa a zama ɗaya cikin zafin nan. In kin ga ya kwanta don kansa, ya isa."

Na ce, "Hajja, a ina? In fita da shi titi mutane su ce na haukace?"

Ta ce, "Wa ya ce titi? Ba ga bene ba?"

Washegari bayan sallar Asuba, da na ji Ammu ya fita masallaci, inda yakan zauna har rana ta fito, na sa wata tsohuwar doguwar riga da na ware don wannan aiki na hau sama. Na taɓa daɓen rufin da bayan hannu kamar yadda Hajja ta koya mini, na ji bai yi zafi ba tukuna. Na ƙulle tsofaffin safunan maigidana suka zama ƙwallo, na jefa. Ya bi ta kamar harsashi, ya cafke, ya ƙi kawowa. Ni ce na koma bin sa, mace mai shekara arba'in da ɗoriya, ina haki tsakanin tankunan ruwa ina roƙon kare. Sai da na gane in nuna masa ɗan tsokar kaza sannan ya fara dawowa ya ajiye. Rabin awa muka yi.

Babban aikin shi ne na kafin Azahar, don a lokacin rufin ya zama tanda, ba mai iya taka shi. Ammu yana shagonsa, sai na buɗe ƙofar matakalar da ke hawa rufi. Taki goma sha shida ce, na ƙirga ta har na gaji. In jefa ƙwallon ƙasa, ya sauka ya hauro da ita, sau takwas ko goma, sai in tsayar da shi ya sha ruwa. Daga nan mu koma ɗaki mu yi ja-in-ja da guntun igiyar da ya bari, yana gurnani kamar wani zaki. Hajja ta ce a gajiyar da hancinsa ma, don haka na kife tsofaffin kofunan gahawa uku na ɓoye nama a ƙarƙashin ɗaya. Da ya ƙware a wannan, na koma ɓoye masa a cikin kwalaye da ƙarƙashin gado, ya yi ta nema. Abinci na mayar da shi sau biyu. Dab da Magariba mu ƙara kwata guda a waje. Bayan kowane zagaye in wanke matakalar tas, in canza riga, in yi wanka, don kada wani ya ce na kawo masa najasa bakin ƙofa.

Ranar farko ya yi kuka, amma sai can dab da La'asar, kuma bai daɗe ba. Rana ta biyu ya yi haushi sau uku, ina zaune a matakala ina ƙirgawa. Rana ta uku ban ji komai ba. Shirun ya yi yawa har na ce shi ke nan na kashe wa Yaya kare da gudu. Na lallaɓa na leƙa. Yana kwance a kan jiƙaƙƙen buhu, ƙafafu a sama, yana minshari.

Rana ta huɗu, kafin kiran La'asar, Ammu ya tsaya a ƙofata zai wuce masallaci. Fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ya binti. Na san ba ki ji daɗin rabuwa da shi ba. Wa ya karɓe shi?"

Wallahi na so in yi shiru in bar shi a haka. Amma da sauran kwanaki da yawa kafin Yaya ya dawo, kuma ranar da ya gano da kansa ba zan iya kallon idonsa ba.

Na ce, "Ammu, yana nan sama."

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya kama hawa, ina biye da shi, cinyoyina na ciwo. Ya tura ƙofar ɗakin kaɗan ya leƙa. Ɗan karen ya buɗe ido ɗaya, ya kaɗa wutsiya sau biyu, ya koma barcinsa.

Ya ce, "Wane magani kika ba shi?"

Na ce ba magani, gudu ne. Na gaya masa na safe, na matakala, da na kofuna. Ya daɗe yana kallon karen, sannan ya juyo ya dubi yadda nake dafe da gwiwa.

Ya rage murya ya ce, "Ja ƙofar a hankali. In kin samu ɗan'uwanki, ki ce masa ya yi aikinsa hankali kwance."

Ya sauka. Ni kuwa na zauna a kan taki na sama ina dariya ni kaɗai, hawaye na zuba, har aka tayar da salla.