Jirgin Ƙasa Mai Tayar Roba da Rantsuwar Yayana

A farkon shekarun 1970 ni saurayi ne, malamin firamare a Ƙaraye, mai farar riga da biro biyu a aljihu, ga surutu kamar an kunna rediyo. Yau na tsufa, haƙora sun fara sallama da ni, shi ya sa na ce bari in rubuto wa wannan mujalla abin da ya daɗe yana cina, ko wani ya amfana. Ba zan kama sunan kowa ba, don yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Mu biyu iyayenmu suka bari, ni da yayana. Shi direban babbar mota ne, yana kwasar gyaɗa daga Rogo da Ƙaraye zuwa Kano. Bai yi boko ba, amma shi ya tsaya mini har na yi. Duk komawa makaranta a gaban motarsa nake zama, ƙafafuna a kan akwatina, warin taya mai zafi yana shigowa ta taga.

Ana nan sai aka zaɓi wasu malamai aka tura mu ƙasar Faransa koyon Faransanci. Da muka isa aka rarraba mu, ni na faɗa birnin Faris ni kaɗai. Wallahi ban san abin da ake kira kaɗaici ba sai a garin nan. Mutane maƙil, amma ka wuni ba wanda ya tambaye ka kwanan gida. Ɗakina yana can saman bene, ɗan mitsitsi, in na shimfiɗa sallaya ƙofa ba ta buɗuwa. Ni da ba na iya shiru, sai ga ni ina yi wa butar shayi magana da Hausa don kada harshena ya mutu.

Abin da ya riƙe ni a garin shi ne jirgin ƙasan da ke tafiya a cikin rami ƙarƙashin birnin. A wasu layukan, jirgin ba a kan ƙafafun ƙarfe yake gudu ba, tayoyin roba ne da shi manya, irin na babbar mota, da wasu ƙanana a kwance a gefe suna riƙe shi kada ya kauce hanya. Ranar da na fara sauka tashar, tun kafin in ga jirgin hancina ya gane shi. Iska mai ɗumi ta taso daga ramin da warin taya, sai na ji ni a gaban motar yayana a kan hanyar Kano da rana tsaka. Na tsaya ina hawaye a cikin Turawa, ba wanda ya ko kalle ni. Daga nan duk ranar da ba karatu sai in yanki tikiti, in zauna kusa da ƙofa, in bi layin daga farko har ƙarshe in dawo. Ba inda za ni. Warin gida kawai nake zuwa shaƙa.

Da na dawo, an yi mini kyakkyawar tarba. A unguwarmu magidanta kan fito da tuwonsu ƙofar gidan wani dattijo bayan magariba a yi ciyayya, nan ake hira, nan ake sanin wane ne mutum. Aka matsa mini wuri a tabarma aka ce in ba da labari. Na faɗi sanyi da ƙanƙara, aka yarda. Na faɗi jirgin da ke tafiya ƙarƙashin gidajen mutane, aka yi salati, amma aka haɗiye. Da na ce tayoyinsa na roba ne, sai wani alhaji mai fataucin hatsi ya ajiye lomarsa. Ya ce shi ya hau jirgi daga Kano har Ikko, kowa ya san jirgin ƙasa ƙarfe ne a kan ƙarfe, in yana da taya ai sunansa mota. Ya tambaye ni, in ya yi faci a cikin ramin, wa ke shiga da famfo? Aka fashe da dariya. Ni kuwa da zuciya, maimakon in bar maganar, na miƙe ina zana tayoyin da yatsa a ƙasa ina ɗaga murya. Aka ce in kawo hoto. Hotuna ina da su, na jikin gine-gine, ina sanye da kwat kamar wani gwamna, amma ko ɗaya ban ɗauka a ramin ba.

Kafin wata ya ƙare maganar ta zaga gari. In na ce an yi ruwa a Kwanyawa, sai a tambaye ni mai taya ne ko marar taya. Masu shayi suka sa mini suna Malam Faci. Wani maƙwabcinmu da suka yi rikicin iyakar gona da wani mutum, wanda na san gaskiyarsa sarai, ya zo har gida ya roƙe ni don Allah kada in je masa shaida, wai zan ɓata masa magana. Wannan ta yi mini ciwo ƙwarai. Na daina fita ciyayya, ina cin tuwona a zaure ni kaɗai ina jiyo dariyarsu. A Faris aƙalla ba a san ni ba. Nan kuwa a garin da aka binne cibiyata ne aka bar ni.

Mutum ɗaya ne ya yarda da ni, yayana. Duk dawowarsa daga hanya sai ya zauna a zauren nan ya sa in sake masa bayani. Taya nawa ne, ina safaya take, yaya birki yake kamawa? Da na gaya masa akwai ƙafafun ƙarfe a bayan tayoyin da ke karɓar nauyi in ɗaya ta sace, sai ya yi ta murmushi yana girgiza kai. Da na ce warin jirgin ne yake tuna mini da shi, sai ya tura mini naman da ke cikin miyarsa. Ran nan a kasuwar Rogo alhajin nan ya tsokane shi a gaban direbobi da 'yan dako. Yayana mutum ne da ba a taɓa jin rantsuwa a bakinsa ba, ko a ciniki. Ranar ya cire hularsa ya rantse da Allah cewa ƙaninsa ba ya ƙarya, in ya ce jirgi yana da taya, to yana da ita. Daga nan shi ma aka haɗa shi a cikin zolayar, bai kuwa damu ba.

Ni ne na gaji. Wani maraice yayana yana kan hanya, na ɗauki kwanona na nufi ciyayya. Alhajin ya tare ni da tambayar faci kamar kullum. Sai na ji bakina yana cewa ai wasa nake yi, na gwada su ne in ga ko za su yarda, ina aka taɓa ganin jirgi da taya? Kai, ranar na sha yabo. Aka tafa, aka ce yanzu na dawo ɗan gari, aka matsa mini wuri. Tuwon ranar ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Ko sau ɗaya yayana bai faɗo mini a rai ba sai da na kwanta.

A kasuwar Rogo aka gaya masa, a daidai wurin da ya yi rantsuwar, a gaban mutanen da suka ji ta. Ya je wurin wani malami ya tambayi kaffara. Malamin ya ce babu komai a kansa tunda ya rantse ne a kan abin da ya ɗauka gaskiya ne. Duk da haka yayana ya sa matarsa ta tuƙa tuwo aka ciyar da miskinai. Ina zaune a zaure aka wuce da kwanukan ta gabana, na san ko na mene ne, na kasa ɗaga kai.

Na same shi washegari yana duba tayoyin motarsa. Na durƙusa na ce, "Yaya, wallahi jirgin nan yana da taya. A ciyayya ne na yi ƙarya."

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa. Sannan ya ce, "To, Malam, wanne zan ɗauka, na jiya ko na yau? Bar rantsuwa, ta yi mana yawa a gidan nan."

Bai taɓa yi mini gori ba. Ya ci gaba da gaishe ni, ya tsaya a aurena, ya raɗa wa ɗana na fari suna. Amma bai ƙara tambayata komai game da jirgin ba, kuma in na ba da wani labari, ko na makaranta ne, sai in ga ya ce "to" kawai, irin "to" ɗin da ake yi wa baƙo. Da harkar gyaɗa ta ja baya ya koma Rogo da zama, can ya yi jinyarsa, can aka rufe shi. Sau da yawa na yi niyyar komawa ciyayya in warware abin da na faɗa, sai in ji tsoron a sake korata zaure. Haka na yi ta jinkiri har na rasa shi.

Shekaru da yawa bayan haka jirgin ya fito a talabijin, da tayoyinsa baƙaƙe ƙirin. Tsofaffin da suka rage suka riƙa zuwa suna ce mini ashe gaskiya ce, in yafe musu. Na yafe, don ba su suka ci amanar kowa ba. Abin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne, in ka faɗi gaskiya aka yi maka dariya, ka yi shiru in ka ga dama, shiru ba laifi ba ne, amma kada ka ƙaryata kanka don a matsa maka wuri a tabarma. Kafin ka janye maganarka, waiwaya ka ga wa ya jingina da ita. Ni na sami gari guda na yin hira, na rasa mutum ɗaya da yake saurarena. Har yau in babbar mota ta taka birki a bakin kasuwa warin taya ya taso, sai in tsaya har ya wuce, ina yi masa addu'a.